Sabon salo a kan tsofaffin kafaɗu: abin da magoya bayan Wisconsin suka yi tsammani, da abin da suka gani

Ranar 1 ga Oktoban 2022, ƙungiyar ƙwallon zari-rugar Amurka ta Jami'ar Illinois ta je har birnin Madison ta lallasa ta Jami'ar Wisconsin da maki 34 da 10 a gaban mutanenta. Shan kaye ba baƙo ba ne a wasa. Abin da ya tsaya wa 'yan Wisconsin a maƙogwaro shi ne wani ɗan lissafi da ke can ƙasan takardar sakamako: duk gudun da 'yan wasansu suka yi da ƙwallo a hannu daga farko har aka tashi, idan an cire komawa bayan da aka yi musu, yadi 2 ne kacal. Wani abin takaicin kuma, kocin Illinois, Bret Bielema, tsohon kocin Wisconsin ne, kuma da salonsu na gado ya zo ya doke su. Washegari aka sallami kocin Wisconsin, Paul Chryst, haifaffen garin, tsohon ɗan wasan makarantar, mutumin da ya ci wasa 67 ya faɗi 26 a shekarun da ya yi yana jan ragamar ƙungiyar.

Kafin mai karatu ya gane dalilin da yadi 2 zai kori mai irin wannan tarihi, sai an ɗan yi shimfiɗa. Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Wanda ƙwallo take hannunsa yana da dama 4 ya matsa gaba yadi 10. In ya matsa a sabunta masa damar, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Hanyar matsawa biyu ce: ko a miƙa wa wani ya rungume ta ya kutsa da gudu, ko madugun harin, wanda suke kira kwatabak, ya jefa ta gaba wani ya cafe. Wanda ya kai ta ƙarshen filin ya samu maki 6. Bayan kowace dama wasa yakan tsaya, a sake jeri, kuma kowane motsi an riga an tsara shi tun a ɗakin karatu, an ba shi suna, an haddace. Shi ya sa salon kai hari a wannan wasa ya fi ƙarfin abin da muka sani a tamaula. Akwai mataimakin koci na musamman wanda ba shi da aiki sai tsara hari da kiran abin da za a yi a kowace dama. Idan aka canja shi, kusan harshen da 'yan wasa suke magana da shi aka canja.

Kada kuma kalmar jami'a ta sa a ɗauka wasan yara ne. Filin Wisconsin, Camp Randall, yana cin mutum sama da 75,000. Na Michigan ya haura 107,000. A wasu jihohin, kocin ƙungiyar jami'a ya fi kowane ma'aikacin gwamnatin jihar albashi, har da gwamna.

Wisconsin ba ta zama abin a zo a gani ba sai da Barry Alvarez ya karɓe ta a 1990. Shi kuwa a Nebraska ya yi wasa, kuma tunanin can ya ɗauko: duba abin da ƙasarka take fitarwa, ka gina a kai. Jihar Wisconsin ƙasar kiwon shanu ce da madara da cuku, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Ba ta cika fitar da yara masu gudun barewa irin na Florida ko Texas ba, amma tana fitar da ƙarti, 'ya'yan manoma masu nauyin kilo 140 da ɗoriya. Sai Alvarez ya jera irin waɗannan su biyar a gaba su zama katanga mai tafiya, ya sa mai gudu a bayansu, a yi ta turawa yadi huɗu, yadi biyar, har abokan karawa su gaji. Kowa a filin ya san abin da za a yi, hana shi ne aiki. Da wannan suka ci Rose Bowl, babban wasan bayan kaka, a farkon 1994 da 1999 da 2000. Da shi Ron Dayne ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 1999. Melvin Gordon ya yi gudun yadi 408 a wasa ɗaya a kan Nebraska a 2014. Jonathan Taylor ya haura yadi 2,000 a kaka biyu a jere, 2018 da 2019. A gidan da aka saba da haka, yadi 2 ba shan kaye ba ne kawai, cin mutunci ne.

Sai dai ƙorafi ya riga wannan rana. Magoya baya sun daɗe suna cewa salon yana kai su bakin kogi, ba ya ƙetarar da su. Suna cin ƙananan ƙungiyoyi, su ci wasa 9 ko 10 a kaka, amma da sun haɗu da manya sai abin ya tsaya. Wasan ƙarshe na rukuninsu na Big Ten sun je shi a 2014 da 2016 da 2017 da 2019, duk an doke su, sau uku a hannun Ohio State, wanda na 2014 ma 59 da nema aka tashi. Salon turawa yana da kyau muddin kana gaba ko kuna kunnen doki. Da an ba ka ratar maki 14, agogon da kake cinyewa da gangan ya zama abokin gabarka. Don haka ba zan ce masu neman canji ba su da hujja ba. Suna da ita.

A ƙarshen Nuwamban 2022 daraktan wasanni Chris McIntosh, wanda shi ma yana cikin ƙartin da suka share wa Dayne hanya a zamaninsa, ya ɗauko Luke Fickell daga Cincinnati. Fickell ne ya kai Cincinnati cikin huɗun ƙarshe na gasar ƙasa a 2021, abin da ƙungiya daga ƙananan rukunoni ba ta taɓa yi ba kafin nan. Shi kuma Fickell ya yi abin da ya girgiza garin: ya ɗauko Phil Longo daga North Carolina ya ba shi ragamar hari. Longo ɗan makarantar Air Raid ne, salon da Hal Mumme da Mike Leach suka fara ƙerawa a wata ƙaramar kwaleji, Iowa Wesleyan, a ƙarshen shekarun 1980. Ma'anar sunan farmaki ta sama, kuma haka yake: a baza masu cafiya uku ko huɗu daga wannan gefen fili zuwa wancan, madugu ya ja baya kamar yadi biyar daga katanga, a yi ta jifa da sauri ba tare da an ba masu tsaro damar numfashi ba. Nan da nan magoya baya suka raɗa wa abin suna Dairy Raid, wato farmakin masu madara. An ɗauko madugu Tanner Mordecai daga jami'ar SMU ta Texas, inda ya yi jifar cin maki 72 a kaka biyu. An ɗauko sababbin masu cafiya. Kafin a buga wasa ko ɗaya na 2023, an sa Wisconsin ta 19 a jerin ƙungiyoyin ƙasa, masu hasashe da yawa kuma sun ba ta ɓangaren yamma na Big Ten.

A nan nake son in tsaya, domin yadda ake gina tsammanin magoya baya shi ne rabin labarin.

Kakar wannan wasa gajeriya ce. Wasa 12 ne, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, sai na bayan kaka ga wanda ya cancanta. Ragowar wata takwas babu abin kallo, sai zance. Abin da ake da shi a tsakiya shi ne atisayen bazara, zama 15 kacal doka ta yarda, wanda akan rufe da wasan gwaji a gaban jama'a. To amma a wasan gwajin ƙungiya da kanta take karawa. Duk jifar da ta yi kyau, kana iya cewa hari ya gyaru, kana kuma iya cewa tsaro ya lalace, mai son ƙungiya kuwa na farkon zai zaɓa. Ba a barin a taɓa madugu, kociyoyi kuma suna ɓoye yawancin abin da suka tanada don kada abokan hamayya su gani. Daga wannan ɗan abin, da gajerun bidiyon da sashen yaɗa labaran ƙungiyar yake zaɓowa ya sa a intanet, ake gina ginin wata takwas.

Tubalin na biyu shi ne alƙaluman da sabon mataimakin ya zo da su daga inda ya baro. A North Carolina, Longo ya yi aiki da Sam Howell da Drake Maye, dukansu sun wuce gasar ƙwararru ta NFL, Maye ma shi ne na uku da aka zaɓa a 2024. Mai goyon baya sai ya kwaso makin da aka ci a can ya sauke a Madison, kamar maki kaya ne da ake lodawa a mota. Ba ya tambayar nawa ne na zanen Longo, nawa ne na hannun Maye.

Na uku shi ne ya fi wayo, kuma ba ƙarya ba ne. Aka tuna wa mutane cewa a 2020 Longo yana da masu gudu biyu, Michael Carter da Javonte Williams, kowannensu ya haura yadi 1,000. Wato ba za a bar gudu ba, za a ma sauƙaƙa shi: idan an baza masu cafiya, dole masu tsaro su bi su gefe, tsakiya ta yi sarari, mai gudun Wisconsin Braelon Allen, wanda ya saba kutsawa cikin mutum takwas ko tara, ya samu shida a gabansa. A kan allo wannan daidai ne. Kuskuren da ya biyo baya na lissafi ne. Mai goyon baya ya ɗauka tarawa za a yi: tsohon gudu yana nan, a ɗora masa sabuwar jifa. Alhali doka ta taƙaita aikin ɗan wasan jami'a ga awa 20 a mako lokacin kaka. Duk awar da aka ba koyon sabon abu, daga tsohon aka yanko ta. Abin da ya sa katangar Wisconsin ta gagara ba girman jiki ba ne kawai. Maimaita motsi kaɗan ne sau dubbai, shekara bayan shekara, har kowa ya san inda kafaɗar na kusa da shi za ta faɗa ba tare da ya duba ba.

Dubi ɗan katanga ɗaya. An ɗauko shi yana shekara 18 saboda ya iya sa hannu a ƙasa ya zabura gaba ya ture mutum. Shekara uku ana ciyar da shi, ana ɗaga masa ƙarfe, don wannan aiki. Yanzu an ce ya ba da tazara tsakaninsa da maƙwabcinsa, ya riƙa ja da baya yana tare mai gudu da ya fi shi sauri, sau 35 ko 40 a wasa, kuma da an busa ya ruga ya sake jeri. Wani zai iya, wani ba zai iya ba, kuma ba lalaci ba ne. Raƙumi ne aka kai sukuwa. Haka abin yake a sauran gurabe. Tsohon salo yana tara masu share hanya da manyan 'yan gefen katanga. Sabon salo ba shi da wurin ajiye yawancinsu, yana neman masu cafiya shida ko bakwai da za a dogara da su, a gidan da bai taɓa buƙatar fiye da biyu ko uku ba.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba a lokacin ɗoki: ɓangaren tsaro. Tsaron Wisconsin ya yi suna shekaru da yawa, kuma wani kaso na sunan bashi ne daga harin da yake riƙe ƙwallo minti shida ko bakwai, masu tsaro suna zaune suna shan ruwa. Hari mai sauri idan ya yi kyau ya ci maki cikin minti biyu. Idan bai yi ba, jifa uku ta faɗi ƙasa, agogo bai ko motsa ba, masu tsaro su sake ɗaura hula su koma.

Abin da na fi ba nauyi duk da haka shi ne kasuwar ɗaukar yara. Tsohon salon Wisconsin dabarar mai ƙaramin ƙarfi ce. Tana neman irin yaran da manyan makarantu ba sa kokawa a kansu sosai, tana buga wasan da abokan karawa ba sa gani sai sau ɗaya ko biyu a kaka, su kuma mako guda ne suke da shi na shiri. Ranar da ta koma salon baza fili, ta shiga layi ɗaya da Ohio State da Oregon da Alabama tana neman yaro iri ɗaya, mai gudu da iya cafiya, wanda yawanci daga kudu yake fitowa kuma ba ya marmarin Nuwamban Madison. Ta bar kasuwar da take sarauniya ta shiga wadda take 'yar kallo.

Ga yadda aka kwashe. A wasa na biyu na 2023 Washington State ta doke su 31 da 22. A Oktoba Iowa, ƙungiyar da ake yi wa dariya a faɗin ƙasar saboda rashin iya cin maki, ta zo Madison ta ci 15 da 6, Mordecai kuma ya karye a hannu a wasan. A Nuwamba Indiana da Northwestern suka doke su a jere. Mordecai mai jifar maki 72 ya gama kakar da 9. Allen, wanda ya haura yadi 1,200 a kowace kakarsa biyu ta farko, bai kai 1,000 ba. An tashi da ci 7, faɗuwa 6. Abin da ya fi tayar da jijiyar wuya a fili shi ne lokacin da ya rage yadi ɗaya a samu sabuwar dama, a ga madugu yana tsaye yadi biyar a baya. Ga mutumin da ya girma yana kallon Dayne, wannan kamar a ga mai rijiya a tsakar gida ya fita sayen ruwa ne.

A 2024 aka sake ɗauko wani madugun daga waje, Tyler Van Dyke na Miami. A wasa na uku, da Alabama, gwiwarsa ta tafi tun farkon wasa, aka doke su 42 da 10. Iowa ma ta ba su 42 da 10. Bayan sun faɗi 16 da 13 a hannun Oregon a tsakiyar Nuwamba, Fickell ya sallami Longo, kaka ta biyu ba ta ko ƙare ba. Suka rufe da faɗuwa biyar a jere, ci 5 faɗuwa 7, kuma karon farko tun 2001 ba su samu gurbin wasan bayan kaka ba.

Adalci ya sa a faɗi cewa salon bai samu cikakken gwaji ba. Salon da ya rataya a wuyan madugu, aka rasa madugun farko kaka biyu a jere, ba a ga ainihinsa ba. A 2024 kuma Big Ten ta karɓi Oregon da Washington da USC da UCLA, ta rushe rabon gabas da yamma, hanyar da Wisconsin take bi cikin sauƙi ta toshe. Amma wannan uzurin yana da baki biyu. Tsohon salon an gina shi ne daidai don kada raunin mutum ɗaya ya rusa gida. Da madugu mai matsakaicin hannu ma yakan ci wasa 9.

Abin mamaki shi ne ba sai an je nesa ba kafin a ga irin wannan. Nebraska, inda Alvarez ya koyo darasinsa, ta riga ta bi hanyar shekara 20 baya. A ƙarƙashin Tom Osborne ta ci kofin ƙasa a 1994 da 1995 da 1997 da salon gudu na zaɓi, inda madugu da kansa yake gudu, yana karanta mai tsaro ɗaya, ya yanke ko ya riƙe ko ya miƙa. Magajinsa Frank Solich aka kore shi a 2003 bayan ya ci 9 ya faɗi 3, saboda daraktan wasanni Steve Pederson yana ganin zamani yana wuce su. Aka kawo Bill Callahan, wanda shekara ɗaya kafin nan ya kai Oakland Raiders wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, da salon West Coast na gajerun jifa masu ƙa'idar lokaci, mai littafin dabaru kamar kundin shari'a. Mutum sama da 60,000 suka je kallon wasan gwajin bazarar 2004. Da kaka ta zo, madugun da aka ɗauko don gudu, Joe Dailey, aka sa shi jifa. Waɗanda abokan karawa suka cafe sun fi waɗanda suka ci maki yawa. Texas Tech ta Mike Leach ta zuba musu 70 da 10. Suka gama da ci 5 faɗuwa 6, kaka ta farko tun 1961 da faɗuwa ta fi ci yawa, jerin shekara 35 na zuwa wasan bayan kaka ya yanke. Harin ya gyaru daga baya, a 2006 Zac Taylor ya zama gwarzon mai kai hari na rukunin Big 12, amma a 2007 tsaro ya wargaje, Kansas ta ci su maki 76, Osborne da kansa ya dawo a matsayin daraktan wasanni ya sallami Callahan.

Michigan ta yi nata a 2008. Ta ɗauko Rich Rodriguez daga West Virginia, mai salon da ba ya tafiya sai da madugu mai gudu. Madugun da ya tarar, Ryan Mallett, dogo mai ƙarfin hannu marar sauri, ya tattara ya koma Arkansas. Madugu mai gudu Terrelle Pryor da ake sa rai ya zaɓi Ohio State. Aka ci 3 aka faɗi 9. Sai a kaka ta uku Denard Robinson ya nuna yadda abin yake idan an samu mai shi: gudun yadi 1,702, jifar yadi 2,570. A lokacin haƙuri ya ƙare, tsaro kuma ya zama ƙofar da ba ƙyaure, aka kori Rodriguez a Janairun 2011. Wanda ya gaje shi, Brady Hoke, ya ci 11 ya faɗi 2 a kakarsa ta farko da yaran da Rodriguez ya tara. Wani ya yi noma, wani ya kai rumbu.

Mai kallon Firimiya zai ce ai ya ga irin wannan, lokacin da Ruben Amorim ya zo Manchester United a Nuwamban 2024 da tsarin 'yan baya uku, ya tarar da 'yan wasan da aka saya don wani tsari daban, aka gama kakar a na 15. Kamar ta yi kama. Bambancin shi ne United tana iya fitar da kuɗi ta sayi wanda take so. Kocin jami'a a zamanin Callahan da Rodriguez yana da gurabun tallafin karatu 85, yana cike kusan 25 a shekara da yara 'yan sakandare, wanda ya canja makaranta kuma sai ya zauna shekara guda ba wasa. Juya ƙungiya daga wani salo zuwa wani aikin shekara uku zuwa huɗu ne, ko ana so ko ba a so.

To me ya hana magoya baya koyon haƙuri daga waɗannan? A ganina amsar suna ɗaya ce: LSU, wato Jami'ar Jihar Louisiana, ta 2019. Ita ma ƙungiya ce da aka san ta da turawa da taurin kai. Kocinta Ed Orgeron ya ɗauko wani matashi, Joe Brady, daga New Orleans Saints ta NFL, aka baza fili, Joe Burrow da ya yi jifar maki 16 a 2018 ya yi 60 a 2019, suka ci wasa 15 ba faɗuwa, suka doke Clemson 42 da 25 a wasan ƙarshe. Tun daga ranar, duk garin da aka kawo sabon mai tsara hari, LSU ce a bakin mutane. Ana mantawa da cewa Brady bai zo da kowa ba. Burrow yana nan, masu cafiya Ja'Marr Chase da Justin Jefferson suna nan, kuma Louisiana tana cikin jihohin da suka fi fitar da irin waɗannan yara. A can tsohon salon ne ya ɗaure dawakai a turke, sabon ya kwance su. A Wisconsin da Nebraska tsohon salon shi ne sirdin da aka ɗinka daidai bayan dokin da ake da shi. Ana kuma mantawa cewa LSU ɗin ta gwada wani sabon mai tsara hari, Matt Canada, a 2017, bai wuce kaka ɗaya ba, kuma da Burrow da Brady suka tafi, a 2020 ci 5 faɗuwa 5 ta yi.

Za a ce yanzu zamani ya canja, kuma gaskiya ne. Tun 2018 akwai rajistar masu neman sauya makaranta, daga 2021 an yarda ɗan wasa ya koma wata jami'ar ya fara wasa nan take, a shekarar kuma aka halatta musu samun kuɗi da sunansu. Koci yana iya kwaso mutum 15 ko 20 a hunturu ɗaya. Wannan ya rage shekarun jira, amma ya rage haƙuri fiye da yadda ya rage su. Callahan ya samu kaka huɗu, Rodriguez uku, Longo bai cika biyu ba. Kuma abin da kasuwar take sayarwa da sauƙi shi ne madugu da mai cafiya. Ƙwararrun 'yan katanga ba su cika fitowa ba, in sun fito kowa yana so, kuma ko an samu biyar, sanin juna ba ya zuwa a jaka. Madugun haya na shekara ɗaya kuma yana nufin kowace bazara a koma bakin alif. Ita Wisconsin ta taɓa cin ribar irin wannan haya da Russell Wilson a 2011, amma shi ya shigo gidan da komai yake a tsaye, kujera ɗaya ce babu kowa.

Bayan tafiyar Longo, Fickell ya ɗauko Jeff Grimes daga Kansas, tsohon mai horar da 'yan katanga, da alkawarin komawa ga turawa da madugu a gindin katanga. Magoya bayan da suka yi shewar Dairy Raid shekara biyu baya suka sake yin shewa, wannan karon don an dawo gida. Sai dai gidan ba yadda aka bar shi yake ba. Shekara biyu ana ɗaukar yara don baza fili, masu share hanya sun watse, ƙartin da suka san tsohon aiki sun gama karatu. Madugun da aka ɗauko daga Maryland, Billy Edwards, ya ji rauni a wasan farko na 2025. A Oktoba Iowa ta zo Camp Randall ta ci 37 da nema, mako na gaba Ohio State ta zo ta ci 34 da nema.